Murɗa waya da salatef bai dace da kayan sautin yawo ba

Idan kana son sanin irin mai kayan sautin da kake hulɗa da shi, zagaya bayan amfilifayarsa ka leƙa. Gaba dai kowa yana goge shi, fitilu suna ta ƙyalli.

A can gida, ƙasarmu, abin da ido ya saba gani shi ne a fere bakin waya da reza, a murɗe gashin tagullar da yatsa, a cusa a maɗaurin nan ja da baƙi, a ɗaure. In waya ta gaza, a ƙara mata wata a naɗe da salatef. In an samu ƙarin sifika a wurin taro, ita ma a tura wayarta ramin da waccan take. A nan ƙasar da nake zaune kuwa, masu yawo da kayan sauti da na yi aiki da su ba sa ma taɓa bayan amfilifaya a wurin taro. Tun a gida sun ja gajerun wayoyi daga maɗauran zuwa wani farantin ƙarfe da aka kafa a jikin akwatin, an jera soket a kai, kowanne da rubutunsa: hagu, dama, bes (sifikar sauti mai kauri). Ana isa sai a soka, a murɗa, ya ce ƙas, an wuce wurin.

Ni ina bayan tsari na biyun, kuma ba don ya fi daɗin sauti ba. Tsirarar waya da aka ɗaure tam tana kai sauti daidai da kowane irin fulogi. In kayan a zaure ɗaya za su zauna shekara da shekaru, ɗaure ta ka manta. Amma kayan yawo kullum cikin kwancewa da ɗaurawa suke, da daddare, cikin gaggawa, kuma sau da yawa yaron da ke taya ka ne zai yi, kai kana can wajen miksa. Kowane ɗauri sai ya karya gashi biyu uku. Wata rana silin gashi ɗaya, wanda ko ganinsa ba ka yi, ya karkace daga ja ya taɓa baƙi. Amfilifaya mai kariya za ta kunna jar fitila ta ɗauke kanta. Wadda ba ta da ita, warin ƙuna ne zai sanar da kai.

Ana kuma raina wutar da ke wurin. Amfilifayar da ke tura wat 1000 cikin sifika mai ohm 8 (ohm shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta), abin da ke bakin wayarta ya kusa volt 90. Wannan ba abin bari a buɗe ba ne a filin da mutane ke kai-komo.

Fulogin da suke amfani da shi a nan Speakon ne, wanda kamfanin Neutrik ya fito da shi a 1987. Ƙarfensa a ɓoye yake cikin roba, yatsa ba ya kai wa gare shi, kuma in ka murɗa ya kulle, ko an yi tuntuɓe da wayar ba zai fita ba. Kwatanta shi da dogon jak irin na gita da har yanzu wasu ke sa wa sifika: shi wannan yayin shiga ko fita bakinsa yana iya haɗa ja da baƙi na ɗan lokaci, ga shi yana zamewa da ja kaɗan. Mafi muni, yana sa mutum ya ɗauki wayar gita ya jona wa sifika don kawai bakin ya shiga, alhali cikinta siririya ce da ba a yi ta don ɗaukar wuta ba.

Sai dai Speakon ɗin ma yana da nasa tarkon, kuma na ga ya kama mutanen nan da ke taƙama da tsari. Mai ƙafa huɗu an rubuta masa 1+, 1-, 2+, 2-. Sifika ta yau da gobe a 1+ da 1- take karɓa. To amfilifaya da yawa masu layin fita biyu sukan fitar da layi biyun duka ta soket na farko: layi na ɗaya a 1+ da 1-, na biyu a 2+ da 2-, don waya guda mai ciki huɗu ta ɗauki bes da sifikar sama tare. Wasu akwatunan bes kuma a 2+ da 2- aka jona su. Ka kawo waya mai ciki biyu ka soka, fulogi ya kulle lafiya lau, shiru. Sai ka ga ƙato yana zargin amfilifaya. In aka juya ta zuwa birij, wato aka haɗe layi biyun su zama ɗaya mai ƙarfi, lissafi ya sake: a yawancinsu daga jajayen maɗaurai biyu ake ɗauka, ko 1+ da 2+, kuma babu ɗayansu da ya halatta ya taɓa jikin ƙarfe. Kowane kamfani da yadda yake yi, shi ya sa zanen da ke bayan amfilifayar ya fi abin da ka saba.

Inda muka fi yin asara a gida shi ne lissafin ohm, kuma babu fulogin da zai yi maka shi. Sifika biyu masu ohm 8 in ka jona su a layi ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma 4. Uku sun koma wajen 2.7. Huɗu sun koma 2. Duk saukar da adadin ya yi, wutar da amfilifaya za ta fitar ƙaruwa take, zafi ma haka. In an rubuta mata 4 ne iyakarta, biyu ke nan a kowane layi, ko da mai taro yana tsaye a kanka yana cewa a ƙara ɗaya can baya. A birij kuma kowane ɓangare rabin nauyin yake gani, don haka wadda iyakarta 4 a layi, a birij 8 take so. Da yawa daga amfilifayar da ake cewa "ba ta da ƙarko" an ɗora mata kayan raƙumi ne a bayan jaki. Ramin nan na biyu da ke bayan sifika, wanda ake ja zuwa ta gaba, shi ma wannan haɗin ne, sai a riƙa ƙirgawa.

Kaurin waya ma lissafi ne mai sauƙi. Ɗauki waya mai tsawon mita 20. Wuta za ta je ta dawo, mita 40 ke nan. In siririyar nan ce mai kaurin murabba'in milimita 0.75, ita kanta ta kusa ohm 1, a kan sifika mai ohm 4 kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da amfilifaya ta fitar a waya zai ƙare ya zama zafi. In mai 2.5 ce, asarar ba ta kai kashi 7 cikin 100 ba. A nan 2.5 ce ta gama-gari, bes mai nisa a ba shi mai kaurin 4. A kula da wayar da aka yi da alminiyam aka shafa mata tagulla a sama: ka kankare gashinta da wuƙa, in ya yi fari, to ba ta kai tagulla zalla ɗaukar wuta ba.

Akwai abin da mutanenmu suka fi na nan, ba zan ɓoye ba. Mai gyara a gida yana jin bes ya yi laushi zai ce maka an juya wayar ɗaya, kuma gaskiyarsa ne: sifika ɗaya tana turawa, ɗayar tana ja, suna cinye juna. Zai ɗauko ƙaramin batir, ya ɗora jar waya a kan mai alamar +, baƙar a gindin, ya zuba wa takardar sifikar ido. In ta yi tsalle waje, daidai. In ta shige ciki, an juya. A nan na ga wanda waya ta mutu masa ya jefa ta cikin akwati ya ɗauko wata, bai taɓa kwance fulogin ya ga cikinsa ba, alhali sukuru ɗaya ne ya saki.

Wanda ya iya wancan gwajin batir, haɗa farantin soket ba zai ci masa yini ba. Gajerun wayoyi masu kauri, a matse musu kan ƙarfe a baki kafin su shiga maɗaurin, don gashi ya daina yawo. Kada a shafa wa bakin da za a ɗaure da sukuru dalma, domin dalma tana lotsewa a hankali, ɗaurin ya saki bayan 'yan watanni. A gwada kowane soket da mitar awon wuta kafin a kunna, a tuna sifika mai ohm 8 takan nuna wajen 6 a mita, ba lalacewa ba ce. A rubuta a jikin farantin sifika nawa kowane soket zai ɗauka, da manyan baƙaƙe yadda yaro zai gani da fitilar wayarsa. Sannan amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce ta farkon kashewa.