A koya ma ɗiyanmu ɗa'ar likita bakin gadon maras lahiya

Jama'a ni dai ina cikin masu murna da yanzu ɗiyanmu ke karatun likita nan gida, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ba sai kowa ya tahi Yamai ba. Magana guda ce nike so mu duba, darasin ɗa'a da mutunta maras lahiya, wanda a ko'ina ɗalibi ke iya haddacewa ya ci jarabawa ya manta da shi.

Wallahi darasin nan yana canza mutum, in dai an koyar da shi inda ya dace. Yaro ya shigo karatu da tausai cike da zuciya, sai ranar da ya hwara istaj, wato koyon aiki a asibiti, ya ga yadda manya ke yi. In lokotoron da yake bi ya ja labule kahin ya duba mace, ya ce inna sannu, ina ke miki ciwo, shi ma haka zai tashi. In kuwa ya ji ana kiran mutum da lambar gado, ana zancen ciwonsa da Faransanci bisa kansa shi ko ya yi zuru bai san mi ake cewa ba, to wannan zai ɗauka, komi aka rubuta mishi a allo. Ko a Amurka, binciken da aka yi a makarantar likitoci ta Jefferson, aka buga shi a 2009, ya nuna tausan ɗalibai yana raguwa a shekara ta 3, daidai lokacin da suka shiga cikin marasa lahiya.

Ku tuna da wadda ta taso daga ƙauyen Dakoro ko Madarunfa, ta saida akuya ta yi kuɗin mota, aka miƙa mata takardar magani ba ta iya karantawa, kuma kunya ta hana ta tambaya. Na san ma'aikatan asibiti gajiya gare su, kwanan gardi ba wasa ba ne, ga jama'a kamar ranar kasuwa, amma bayani da Hausa na minti 2 shi ke sa ta sha maganin daidai.

Rantsuwar Hippocrate, wadda sabon lokotoro ke yi ta riƙon ɗa'ar aiki, sai ranar kare kundin gama karatu ake yin ta, hali kuwa ya riga ya zauna tun tuni. Shi ya sa nike roƙon malamai dan Allah, a riƙa ba ɗalibi maki kan yadda ya gaisa, yadda ya nemi izini kahin ya taɓa jikin mutum, da yadda ya rufe sirrinsa, kamar yadda ake ba shi maki in ya gano cuta.