Ba Kowane "Ex" Ne Tsoho Ba

Jama'a, tun da samari da 'yan mata suka cafke kalmar nan "ex", an mayar da ita tamkar ba ta da wata sana'a sai ta soyayya. "Ex ɗina ya yi aure." "Na ga ex ɗina a wurin biki, na yi kamar ban gan shi ba." Ni ban ce a daina ba, ko da yake tsohon saurayi da tsohuwar budurwa ba su ƙare a bakinmu ba. Abin da ke damuna shi ne, daga nan mutane suka ɗauka duk inda aka ga "ex" to "tsoho" ake nufi.

Asalinta Latin ce, ma'anarta kuwa "daga" ko "fita daga". Shi ya sa ƙofar fita a asibiti ko filin jirgi aka rubuta mata exit, kayan da ake fitarwa ƙasashen waje kuma export. Shi kansa ex-governor, fita ya yi daga kujera, daga nan tsufan ya samo asali.

To ku duba inda rashin sanin wannan ke cutarwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kullum sai ka ji an ce an rage ko an ƙara ex-depot price. Babu wani tsohon defo a maganar. Farashin lita ne a bakin defo, lokacin da ake loda wa tanka, kafin kuɗin dako daga Legas zuwa Kano ko Maiduguri, kafin ribar mai gidan mai. Sai mutum ya ji farashin a rediyo, ya je gidan mai ya tayar da jijiyar wuya da yaron da ke riƙe da famfo, wai sun ƙi sauke kuɗi. Haka ɗan kasuwar da ɗan China ya ba shi farashin ex works: kayan a ƙofar masana'anta ke nan, mota da jirgin ruwa da kwastan duk a wuyanka. Wanda bai gane ba sai ya yi ta murnar araha har ranar da lissafi ya zo.

A kotu ma haka. Lokacin rikicin masarautar Kano a 2024 kowa ya haddace ex parte, alhali nufinta kawai alƙali ya ba da umarni bayan ya saurari ɓangare ɗaya, kafin a ji ta bakin ɗayan. Na wucin gadi ne, ba hukuncin ƙarshe ba, amma a Facebook har an gama buga tambari.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ex officio. Ma'anarta mutum ya zama ɗan kwamiti saboda muƙamin da yake riƙe da shi yanzu. Mu kuwa a ƙungiyoyinmu na unguwa da na tsofaffin ɗalibai, kujera ce da ake ajiye wa shugaban da ya sauka don kada ya yi fushi ya daina biyan kuɗin wata. In kana da ƙungiya, ɗauko kundin dokokinta ka duba wa aka rubuta a wannan gurbin.