Ranar da fasalin bayanai ya canza, ina makomar tsofaffin?

Duk wanda ya riƙe manhaja ko da shekara biyu ne ya san fasalin da aka zana wa bayanai ranar farko ba ya ɗorewa. A manhajar asibiti, alal misali, yau majinyaci lambar waya ɗaya gare shi, gobe a ce a buɗe masa gurbi uku. Da wannan nake auna rumbunan bayanai masu adana abu sukutum yadda manhaja ta ƙera shi, irin su GemStone da ObjectStore da ZODB, waɗanda suka bar hanyar jera komai a teburi da masanin kwamfuta Edgar Codd ya shimfiɗa a 1970.

Suna da abin yabo. Kowane abu na da lambar shaidar da ba ta canzawa, ko an sauya duk abin da ke cikinsa, sauran abubuwan da ke nuni gare shi ba sa ɓatan kai. Tun 1987 masu binciken ORION, wani rumbu irin wannan a Texas, suka rarrabe ire-iren sauyin fasali, kuma hanya biyu ce aka fi bi: a juya tsofaffin bayanai gaba ɗaya nan take, ko a bar kowane abu sai ranar da aka buɗe shi. GemStone ma yakan ajiye tarihin kowane fasali, tsohon abu ya zauna da tsohuwar rigarsa har a zo kansa.

Hanya ta biyun na da daɗi, don ba sai an dakatar da aiki ba. Amma ni bashi nake ganinta. Fayil ɗin majinyacin da ba a taɓa ba shekara biyar zai farka ya tarar an sauya fasali sau huɗu, kuma dole umarnin juyawar kowane mataki ya kasance yana nan, ga wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin aikin.

Abin da ya fi damuna ma'ana ce. A ce gurbin nauyi da ma'aunin fam ake cika shi, aka koma kilo. Rumbu zai nuna 70 hankali kwance, likita ya auna magani a kai. Na'ura ta iya ƙara gurbi ko share shi, ba ta san me 70 ke nufi ba. Shi ya sa nake goyon bayan a liƙa wa kowane abu lambar fasalinsa, a kuma sa wa jinkirin wa'adi: a bi rumbun sannu a hankali cikin dare, a juya ragowar tun wanda ya san labarin fam ɗin yana kusa.