Dabbar tana mutuwa, fatar ce kawai ake binnewa

Tun makon jiya nake son yin wannan rubutun, sanyi da aiki suka hana. Masu cewa rubutuna ya cika tsawo, ku yi haƙuri, yau ma haka za a yi.

Wani abokin aikina a nan Winnipeg ta ƙasar Kanada, ɗan ƙabilar Cree daga arewacin Manitoba, ya gan ni ina hura hannu a tashar bas ranar da sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, sai ya zare safar hannunsa ya miƙo min. Ta fatar biba ce, kakarsa ta ɗinka. Kafin bas ta iso yatsuna sun dawo hayyacinsu, abin da safar da na saya da kuɗi masu kauri a kanti ba ta taɓa yi min ba. A cikin bas yake ba ni labari cewa mahaifinsa ne ya kama dabbar, kuma har yau gidansu na da yankin daji da gwamnati ta yi musu rajista don ɗana tarko, amma an yi shekaru ba wanda ya taka wurin. Shi yana birni, ƙannensa ma haka. Man da za a ƙona a babur ɗin ƙanƙara wajen zagaya tarkuna ya fi abin da fatun za su kawo.

Ga wanda bai san biba ba, dabbar ruwa ce, ku ɗauka gafiya ce ta yi girman ƙaramin kare, da jela mai faɗi kamar faifai. Da haƙora take sare bishiya, ta jawo ta tare rafi, ta yi madatsar ruwa ta gina gidanta a ciki. Ƙarƙashin dogon gashinta akwai wani gajere mai laushi da ruwa ba ya ratsawa, kuma a kan wannan gajeren gashin aka gina Kanada. Ba zuzutawa nake yi ba. A 1670 Sarki Charles na biyu na Ingila ya bai wa kamfanin Hudson's Bay takardar mallakar duk ƙasar da ruwanta ke gangarawa tekun Hudson, saboda attajiran Turai na son hular da ake yi da gashin biba. Fatar ta zama kuɗi, kamar yadda wuri ya zama a wajenmu: bindiga, tukunya, bargo, duk da fatar biba ake yi musu farashi. Har gobe hotonta ne a kan kwandalar senti 5 ta ƙasar. Wannan kamfanin, bayan shekara 355, ya rufe dukkan kantunansa a 2025. Na wuce ta gaban tsohon gininsa na tsakiyar Winnipeg ba sau ɗaya ba, shi tun 2020 aka kulle shi.

Yadda sana'ar ta faɗi ba a rana ɗaya ba ne. Tun a ƙarni na 19 hular siliki ta kori ta biba. Daga baya rigar gashi ta zama kayan gayu, kasuwa ta sake tashi, har masu fafutukar kare dabbobi suka taso mata daga shekarun 1970. Tarayyar Turai ta yi doka a 1991 ta hana tarkon ƙarfe mai damƙe ƙafa. Wajen 2013 farashi ya yi sama sosai saboda masu saye daga Sin da Rasha, sai kuɗin Rasha ya karye a 2014, komai ya biyo shi ƙasa. A 2017 kamfanin kayan gayu na Gucci ya ce zai daina amfani da gashin dabba. A 2019 babbar kasuwar gwanjon fata ta Toronto, NAFA, ta durƙushe, ya zama ta garin North Bay ce ta rage wa masu tarko. A shekarar ce kuma Kalifoniya ta haramta ɗana tarko don fata. Sai Canada Goose, mai rigunan sanyin nan da ake sa wa gashin koyoti a bakin hula, ta sanar a 2021 cewa ita ma za ta bari. Koyoti dila ne na wannan nahiyar, kuma fatarsa ce ta riƙe masu tarko da yawa a yammacin ƙasar.

To ga inda nake son ku tsaya da ni. Da kasuwa ta mutu, an daina kashe dabbobin ne? A'a.

Ku dubi Massachusetts ta Amurka. A 1996 jama'a suka kaɗa ƙuri'a aka hana yawancin tarkuna. Cikin 'yan shekaru biba ta ninka kusan sau uku, ta toshe magudanan ruwa, ruwa ya shiga tituna da rijiyoyi da gidaje, waɗanda suka yi ƙuri'ar suka fara kuka. A 2000 aka gyara doka, aka ce wanda biba ta dama zai iya neman izinin gaggawa. Da, mai tarko shi ke biyan gwamnati kuɗin lasisi, ya kama dabbar a tsakiyar hunturu lokacin da gashinta ya cika, ya sayar da fatar, a wasu gidajen a ci naman. Yanzu mai gida ne ke biyan mai tarko, sau da yawa a lokacin da fatar ba ta da daraja, sai a haƙa rami a tura. Wa aka ceta a nan?

Louisiana ta fi wannan ban mamaki. A shekarun 1930 aka kawo wata dabba mai suna nutiriya daga Kudancin Amurka don gashinta, ta kuɓuce ta cika fadamun bakin teku. Muddin fata na da kuɗi, masu tarko na kama sama da miliyan ɗaya a shekara, ba a ji kanta ba. Farashi na faɗuwa a shekarun 1980 suka ajiye tarko, ita kuwa ta shiga cinye saiwar ciyawar da ke riƙe ƙasa, fadama ta fara zama teku. Tun 2002 gwamnatin jihar ke biyan lada kan kowace jela da aka kawo, an fara da dala 4, daga baya ta kai dala 6. Jela kawai. Ku tsaya ku yi tunani: dabba guda, a yanke jela a karɓi kuɗi, sauran a zubar. A gidanmu wannan sunansa almubazzaranci.

Kada wani ya ce ina goyon bayan zalunci. Tsohon tarkon nan mai haƙora, wanda dabba ke kwana a ciki ƙafa a karye, har wata ta gutsure ƙafarta ta gudu, ba ni da abin da zan kare shi da shi. Mu da aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, aka ce mana in za mu yi yanka mu wasa wuƙa mu hutar da dabba, ba mu ne za mu yi musu a kan wannan ba. Masu fafutuka sun yi gaskiya a nan, kuma matsin da suka yi ne ya haifi yarjejeniyar 1997 tsakanin Kanada da Turai da Rasha, wadda ta sa ake gwada kowane irin tarko kafin a yarda da shi. Wani mai tarko ɗan Kanada, Frank Conibear, tun a shekarun 1950 ya ƙera wanda ke bugun wuya ya kashe da sauri. Duk da haka iyakar da yarjejeniyar ta ɗiba wa biba kafin ta fita hayyacinta minti 5 ce. Minti 5 ba wasa ba ne, ka riƙe numfashinka ka gani. Ban ce an kai ƙarshen gyara ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne inda sandar ta sauka. Mafi yawan gashin da duniya ke sawa, nesa ba kusa ba, daga gidajen kiwo yake fitowa, inda dabba ke rayuwa a keji tun haihuwa har mutuwa. A 2020 Denmark ta hallaka miliyoyin dabbar mink a gonakinta saboda korona, duk duniya ta ga hotunan. Amma da aka tashi tsanar gashi ba a bambanta mai keji dubu da tsohon da ke zagaya dajin kakanninsa ba. An yi wa mutanen Inuit, 'yan asalin can arewacin Kanada, haka da fatar dabbar teku a 1983: dokar Turai ba da su aka yi ta ba, amma kasuwa gaba ɗaya ta rushe, ƙauyukansu suka shiga talauci. Laifin babba, rowa, laifin yaro, ƙiwa, amma a nan mai keji ya yi laifi, talaka ya sha duka. Sannan abin da aka maye gurbin da shi, gashin roba, daga man fetur ake yinsa, kuma ba ya ruɓewa.

Yanzu maganar farfaɗowa. Ana ƙoƙari, ban raina ba. A garin The Pas duk watan Fabrairu ana bikin masu tarko, da tseren karnuka da gasar ɗaukar kaya. A Thompson, sama da kilomita 700 arewa da nan, ana shirya teburin fata a Disamba, masu saye su zo su biya nan take, mutum ya samu na hidimar ƙarshen shekara ba sai ya jira gwanjo ba. Gwamnatin Yankunan Arewa maso Yamma na Kanada na da shirin da ake kwasar 'yan makaranta a kai su daji tare da dattawa, su koyi ɗana tarko da fiɗa da shanya fata, kuma tana bai wa mai tarko wani abu a hannu kafin a sayar da fatarsa. Biba ma ta ɗan farfaɗo saboda hular kaboyi ta dawo yayi, kuma mai kyaunta da gashin biba ake yi.

Sai dai ni na taso kusa da majemar Ƙofar Wambai a Kano, na san yadda ake yi wa sana'a biki tana mutuwa. Baƙi su zo su ɗauki hoton ramukan jima, a yabi fatar jar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, a tafi, ɗan majemi kuma ya sayi Keke Napep. Ba don ya ƙi gadonsa ba, don bagaruwa ba ta biyan kuɗin makaranta. Yaron da aka kai daji kwana uku zai dawo da hoto da labari mai daɗi. Ranar da ya yi aure, lissafi zai yi, irin wanda abokina ya yi min a bas. Kuma dogara da yayi, yau hular kaboyi gobe wani abu, shi ne dai ramin da aka faɗa tun zamanin hular siliki.

Abin da na ga yana da ƙafa shi ne na Cree ɗin lardin Quebec, a nan Kanada. A yarjejeniyar da suka yi da gwamnati a 1975, lokacin da za a gina manyan madatsun lantarki a ƙasarsu, sun sa sharaɗin cewa iyalin da ke zama a daji suna farauta da ɗana tarko za a riƙa biyansu gwargwadon kwanakin da suka yi a can. Ba fatar ake saye ba, zaman ake biya. Mutumin da ke zagaya rafi ɗaya shekara arba'in ya san gidajen biba nawa ne a ciki, ya san wanda zai taɓa bana da wanda zai bari ya hayayyafa, shi ne farkon wanda zai ga ƙanƙara ta fara makara ko wata cuta ta shigo. Gwamnati na kashe kuɗi ta tura jirgi ya ƙirga abin da wannan tsohon zai faɗa maka yana shan shayi. In har za a biya wani ya cire biba daga magudana, kuma ana biya, to a biya wanda ya iya, a lokacin da fatar za ta yi amfani, a kuma taimaka wa mata irin kakar abokina su jeme su ɗinka su sayar a nan inda sanyin yake, maimakon jiran abin da wani mai ɗinki a Milan zai yanke.

Na tambayi abokina ko zai kai ni yankin nasu in gani da idona. Ya yi dariya, ya ce sai an fara gyara rufin bukkar mahaifinsa, don dusar ƙanƙara ta danne shi tun shekara uku da suka wuce. Safar kuwa na mayar masa, da ƙyar.