Fenti ba ya tare mota

To, na ga zanen hanyar keke da masu tafiya a ƙasa da za a yi mana a gefen titinmu. Wata takwas ana taro, ana ce mana mu ƙara haƙuri injiniya yana kan aiki, ashe abin da za a haifa ke nan: farin layi ƙwaya ɗaya a gefen kwalta, da hoton keke a ƙasa. Wai ita ce hanyar da yaranmu za su riƙa bi zuwa makaranta. Sannunku da ƙoƙari. Har tafi aka yi jiya da aka nuna shi a allo, ni kuwa na rasa abin da ake tafa wa.

Na ɗaga hannu na ce wa injiniyan, ranka ya daɗe, idan mota ta kauce, me zai tare ta? Ya ce ai direbobi za su ga layin. Za su gani mana! Mai danna waya a kan sitiyari zai gani, wanda birkinsa ya shanye zai gani, mai gyangyaɗi da asuba ma zai gani. Fenti dai ba ya tare mota, ko da ruwan zinariya aka shafa shi.

Yau da safe na je na tsaya a daidai wata kwana ta titin. Wata yarinya ta taho da ƙaninta, ta riƙe hannunsa gam, jakarta ta kusa rinjayarta. Babbar mota ta wuce, iskarta kaɗai ta sa yaron tangaɗi, yayar ta fizgo shi gefe har takalminsa ya faɗa lambatu. Tsakaninsu da tayar bai kai taku biyu ba. A nan ɗin za a shafa layin.

Kuma ba tsoro ne ya yi mini yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Daga ɗan shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya fi titi kashe su. Lissafin ma ba sai an je jami'a ba: motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai kan birki. Ƙarfin bugunta kuma ya kusa ninka na mai gudun 30 sau uku. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗarin hanya a Stockholm, babban birnin Sweden, a 2020 ya nemi a tsaya a 30 duk inda mutane da motoci ke cuɗanya.

Abin da muke nema ba wani abin a zo a gani ba ne. A ɗaga dakali, ko a jera shingen kankare tsakanin mota da mutum. Faɗin ya isa keken guragu da mai tura jariri su gifta juna ba tare da ɗaya ya sauka kwalta ba. A sa tudun rage gudu a mahaɗa, domin ana yawan kaɗe mutane a wurin tsallakawa. A sa fitila. Kada kuma hanyar ta yanke a tsakiya, don hanyar da ta kai yaro rabi ta sake shi cikin motoci tarko ce.

Na san abin da za a cika mini sharhi da shi. Ina za mu yi fakin? Malam, motarka ƙarfe ce, ta kwana a layin baya ba za ta yi zazzaɓi ba. Babu kuɗi? An samu na faɗaɗa titin ai. Masu cewa a wayar da kan direbobi, tun ina yaro ake wayarwa, har yau kan bai waye ba. Masu cewa ai ba mai hawa keke a nan, wa zai hau ya ba da ransa? Ni ma na jingine nawa.

Ƙasar Holan da ake yi mana misali da ita ba haka ta faɗo daga sama ba. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunanta, yara sama da 400 a ciki. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya, sannu a hankali aka raba hanyar keke da ta mota. A 2019 Oslo, babban birnin Norway, ya ƙare shekara cur ba a kashe mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ba. Su ma direbobinsu mutane ne, suna kuskure. An dai gina hanyar yadda kuskuren ba zai ci rai ba.

Wallahi ba na son ranar da za a taru ana jaje, sannan a kawo kankaren cikin mako guda. Mun san za a iya, ihu bayan hari ai mun ƙware.