R32 ba tsufa kaɗai ya kai su ga ritaya ba

Ana cewa an sallami taragon R32 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York a Janairun 2022 saboda tsufa. Haka ne, amma da sauran bayani. Kamfanin Budd ne ya ƙera guda 600 a 1964 zuwa 1965, kowane tsawonsa ƙafa 60, ƙofa huɗu a kowane gefe. Jikinsu farin ƙarfe ne marar tsatsa, mai kwari-kwari kamar kwanon rufi, don ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Shi ya sa suka binne ƙannensu, taragon R44 na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda tsatsa ta cinye wa ƙashi aka janye su a 2010.

Lokacin da suke aiki, bibbiyu ake haɗa su: ɗaya na ɗauke da injin matsa iskar birki, ɗayan batir. In ɗaya ya lalace, dole a ajiye duka biyun.

Na'urar sanyaya iska ce ta fi ba su wahala. Ba da ita aka ƙera su ba, sai a garambawul na 1988 zuwa 1990 aka sa, kuma zafin cikin rami yana gajiyar da ita. Abin takaici, lokacin da aka sallame su gangar jikin na da sauran ƙarfi.