Ɗaure Raƙumin Kafin Ka Sayi Leda

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Ƙanina ne ya jawo wannan rubutu, kuma da izininsa nake yi. Bara ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da kwasar adashi da ɗan abin da maiɗakinsa ta ranta masa, ya sayi rumfar leda, irin wadda 'yan boko ke kira girinhaus. A Facebook ya gan ta: tumatir jajawur a jere kamar an zana, wani saurayi a tsakiya yana murmushi. Aka zo aka kafa masa a bayan gari, gajeruwa, leda sama leda gefe, ƙofa ɗaya. Ya yi dashe ƙarshen Janairu. A Fabrairu shuka ta yi kore shar, har mutane na zuwa kallo. Da bazara ta kankama, sai fure ya fito ya zube, ya sake fitowa ya sake zubewa. Ranar da na shiga ciki da azahar, ban cika minti biyar ba na fito riga sharkaf. Na dube shi, ya ce, "Yaya, haka Allah Ya ƙaddara."

Gaskiya ya faɗa. Ko ganye ɗaya ba ya faɗuwa sai da sanin Allah, haka yake a Suratul An'am. Amma na ce masa, "Kafin ka miƙa kuɗin nan, wa ka tambaya?" Ya yi shiru.

Wannan shirun nake so mu duba, domin da yawanmu muna da irinsa. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara. Ya ce masa ya ɗaure ta, sannan ya dogara. Kowa ya haddace hadisin nan tun a makarantar Islamiyya, amma idan an zo maganar kuɗi sai mu saki raƙumar, in ta ɓace mu ɗauko ƙaddara mu rufe gangancinmu da ita. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma mai sakaci ba shi da hurumin fakewa da ita.

Ita rumfar nan, a ƙasashen sanyi irin su Holan da Ingila aka raya ta, kuma aikinta ɗaya ne: ta kama zafin rana ta riƙe shi a ciki. Su zafi suke nema. Mu kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, watan Afrilu ma'auni kan haura digiri 40 a inuwa. Ka rufe wannan da leda babu mafitar iska, ka gina tanda kenan. Tumatir kuma idan zafin yini ya kai wajen digiri 35, garin furensa lalacewa yake yi, furen ya kaɗe bai ɗaura ɗa ba, ko da ka zuba masa takin duniya. Ƙanina rigar sanyi ya saya wa shukarsa a tsakiyar bazara.

Hoton da ke rikita matasanmu galibi daga wurare irin Almeriya yake fitowa, a kudancin Sifaniya, ƙasar Andalus ta da. Wurin busasshe ne, ruwan samansa bai wuce kimanin milimita 200 a shekara ba, amma tun shekarun 1960 suka fara shimfiɗa leda, yanzu rumfunansu sun haura hekta 30,000, har daga sararin samaniya ana hango farinsu. Abin da ba a gaya wa mai kallon hoto shi ne, babbar kasuwarsu ta lokacin sanyi ce, lokacin da sauran Turai ba ta iya noma. Kuma duk da zafinsu bai kai namu ba, idan ya taso sai su shafe rufin ledar da farar ƙasa don ta mayar da hasken rana. Su sun san ƙasarsu. Mu ne muke kallon kitse ga rogo.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wasu mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, ya nuna ko ba su yi ba zai yi kyau. Suka bari, dabino bai yi albarka ba a shekarar. Da suka faɗa masa sai ya ce su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Ku dubi wannan tawali'u daga mafi darajar halitta. To ni da kai su waye da za mu ji nauyin zuwa wurin malamin gona, ko wurin tsohon da ya shekara talatin yana noman rani a Kadawa, mu ce Baba koya mini? Matambayi ba ya ɓata.

Da ya tambaya, da an ce masa ya nemi doguwar rumfa, domin zafi sama yake tashi, kuma a bar masa kafa a ƙololuwar rufi ya fita. Da an ce gefe ya zama raga, ba leda ba. Da an ce ya ɗora ragar inuwa mai rage kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na rana idan bazara ta zo. Da an ce ledar rufi ta zama mai kaurin maikiron 200 wadda aka yi wa maganin rana, domin ledar gama-gari kakkaryewa take yi kafin shekara ta zagayo. Araha ba ta ado. Wataƙila ma da an ce masa, Malam, a wurinka da rani rumfar raga zalla ta ishe ka, ka riƙe sauran kuɗin.

Ragar ma akwai lissafi. Waɗanda suka ga 2016 ba su manta da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ba, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa har kwando ya gagari talaka. Raga mai ƙananan ido tana tare malam-buɗe-littafin da ke haifar ta, tana tare farin ƙuda mai kawo nanaɗewar ganye. Amma gwargwadon ƙanƙantar idon, gwargwadon yadda take tare iska, kuma ƙurar hunturu na toshe ta. Sai an riƙa wankewa. Ƙofa kuma biyu ake yi, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki. Yaro ɗaya ya bar ƙofa a buɗe da magariba, ragar miliyan ta tashi a banza.

Akwai masu sa fanka a gefe ɗaya da jiƙaƙƙen bango a ɗaya gefen, iska ta ratso ta yi sanyi. Hikimar randa ce, irin wadda marigayi Muhammad Bah Abba ya yi amfani da ita a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ita dabarar fankar tana aiki sosai a busasshiyar iska. Sai dai tana shan ruwa, tana son wuta ba yankewa. Wanda bai da tabbacin sola ko janareta, ya bar ta.

Ruwa shi ne inda zuciyata ta fi tsayawa. Allah Yana tambayarmu a Suratul Waƙi'a game da ruwan da muke sha, mu ne muka saukar da shi daga girgije ko Shi ne, kuma Ya ce da Ya so da Ya mayar da shi zartsi, to don me ba ma godewa. Manomin rumfa ya fi kowa sanin ma'anar zartsi. A fili, damina na wanke gishirin ƙasa ta tafi da shi. A ƙarƙashin leda ruwan sama ba ya sauka, don haka idan ruwan burtsatsenka na da gishiri ko kanwa, kowane ban-ruwa ajiya yake bari. Shekara biyu uku sai ka ga fari-fari a kan ƙasa, bakin ganye na ƙonewa. A kai ruwa a auna kafin a sayi ƙarfe ko ɗaya. Tiyon ɗigo ni'ima ne, yana kai ruwa gindin shuka kaɗan-kaɗan, amma ba tare da mataci ba yashi zai toshe ƙofofinsa cikin makonni.

Kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba gādon gidanku ba ne. Saudiyya, da duk dukiyarta, ta zuƙo ruwan ƙasa ta noma alkama a sahara har ta riƙa sayarwa waje. Ruwan ya ja baya, dole a 2008 gwamnati ta yanke shawarar janye hannu daga noman a hankali zuwa 2016. Ayar ƙarshe ta Suratul Mulk ke nan a zahiri: idan ruwanku ya wayi gari ya ƙafe, wa zai zo muku da ruwa mai gudana? Idan burtsatsenka ya sa rijiyar maƙwabta ta yi ƙasa, matansu na tafiya nesa da tulu, kada ka ɗauka ba a rubutawa.

Ku kuma masu sayar da kayan nan, ku ji tsoron Allah. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Wanda ya sayar wa ƙanina ya san garinmu, ya san Afrilu, bai ce uffan ba. Ɓoye aibi algus ne, yin shiru ga mai saye da ka san zai cutu ma ba ya rasa nasaba da shi. Manomi ma kada ya ga ya tsira: feshi yau, tsinka gobe, a kai kasuwa yara su ci, alhali kwanakin jira na rubuce a jikin kwalba, wannan shi ma algus ne.

Wanda kuma Allah Ya ba shi sa'a, rumfarsa ta yi kyau, ya karanta Kahfi ranar Juma'a da hankalinsa a jikinsa. Mai gonaki biyun nan da ke cikin surar ba jahilin noma ba ne. Inabi gare shi, dabino ya kewaye, shuka a tsakani, ƙorama na ratsawa. Raƙuminsa a ɗaure yake tam. Abin da ya rasa shi ne ya shiga ya ce ma sha Allah, la ƙuwwata illa billah. Aka wayi gari yana juya tafukansa saboda abin da ya kashe, gonar kuwa ta kife a kan rumfunanta. Duk lokacin da na zo kan kalmar rumfunan nan sai in tuna yadda iskar farkon damina ke nannaɗe ƙarfe kamar kara. A fitar da haƙƙin mabuƙata ranar tsinka, ko da kwano ɗaya ne ga tsohuwar da ke maƙwabtaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Tunda raga ta hana tsuntsu rabonsa, kada ta hana mutum.

Ƙanina dai bana ya cire ledar gefe ya sa raga, ya samu mai walda ya ƙara wa ginshiƙai tsawo, ya buɗe kafa a sama. Dashe kuma zai yi a Oktoba, don fure ya haɗu da sanyi. Bashin maiɗakinsa ya biya rabi. Ranar Litinin in sha Allahu zan raka shi mu kai ruwan burtsatsen a auna, ku sa shi a addu'a kada a samu gishiri.